Kilishin Inna a Surat

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Gada Biyu. Ya jikin Inna, ya iyali?

Na dawo daga Surat ta Indiya cike da kunya. Abokinka mai yadi ya zaga da ni gari da kasuwa, sannan ya kai ni gidansa cin abinci. Don in kyauta, na buɗe kilishin Inna a tsakiyar kwanoninsu. Ashe a addininsu ko ƙwai ba sa ci, balle nama! Mahaifiyarsa ta kwashe komai, aka wanke ɗakin. Kafin a gama rana ta faɗi, su kuwa ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Tsohuwar nan da yunwa ta kwana, Yaya.

Ka ba abokin naka haƙuri, ni na kasa. A sa ni a addu'a. Ka gaida Inna. In ta tambayi kilishinta, ka ce ya isa.

Ƙaninka,
Habu