Wanda Zai Ɗaura Min Igiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya ƙafar Baba? Yana shan maganin kuwa, ko har yanzu yana tura shi ƙarƙashin matashi yana cewa tsohon saje ba ya ciwo?

Yaya, ki karanta wannan ke kaɗai. An ƙara min girma, zan zama kofur mai igiya biyu. Na san za ki yi tsalle, amma ki dakata tukuna.

Kin san a sito nake aiki, inda ake ajiye kaki da takalma da barguna. Hafsan da ke kanmu wani kyaftin ne da muke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki. Da farko baki ne kawai, irin maganganun da mutum zai yi kamar bai ji ba. Wata rana da yamma ya aiki abokan aikina ɗauko kaya, ya ce in tsaya in jera barguna, ya murɗa mukulli. Abin da ya biyo baya hannuna ba zai iya rubutawa ba. Ke mace ce, kin gane.

Ban yi shiru ba, wallahi. Na je wajen Kwamanda, shugaban barikin baki ɗaya, na faɗa masa komai. Ya ba ni ruwa, ya kira ni 'yarsa, ya ce in bar maganar a hannunsa, kada kowa ya ji saboda mutuncin bariki. Na jira bincike, sai ga ƙarin girma, alhali akwai waɗanda suka riga ni shiga aiki suna nan da igiya ɗaya. Mai Turare kuwa yana nan daram. Kullum da safe sai na ƙame na sara masa, shi kuma ya yi murmushi.

Tsoro nake ji, Yaya. Ko ƙarar mukulli na ji sai na waiga ina neman ƙofa. Ki yi min addu'a, kada ki gaya wa Baba.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma samu amsarki. Na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Kin ce in ajiye aikin in dawo gida. Yaya kenan! Soja ba shago ba ne da za a rufe a tafi. Idan na fita ba izini, sunana gudajjiya, har ɗakinki za su zo su ɗauke ni.

Ga sabuwar masifa. A nan, ranar ƙarin girma mutum biyu ke ɗaura wa soja igiya a gaban fareti: hafsansa a hannun dama, wani nasa na jini a hagu. Hafsana kin san ko wane ne. Na jinin kuma, Kwamanda da kansa ya buga wa Baba waya ya gayyace shi, ban ma sani ba sai da Baba ya kira ni yana ta murna. Ashe shi ya sa kika ga ya fito da tsofaffin lambobinsa yana gogewa.

Na koma na roƙi Kwamanda ya sa wani hafsa daban. Wannan karon babu ruwa, babu 'yata. Ya ce haka ne zai nuna komai ya wuce, kuma Janar zai zo daga hedikwata, ba ya son ko tari ya fito ba bisa tsari ba. Kowa ya san shi ma ƙarin girma yake jira. Da zan fita ya tambaye ni ko na tuna wata mai aiki a kicin da ta cika surutu, wadda aka tura can bakin daga. Na tuna ta. Tun da ta tafi ba wanda ya sake jin labarinta.

Jiya aka yi gwajin faretin. Mai Turare ya riƙe damtsena ya daɗe, yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ana sallamarmu na ruga bayan sito na yi ta amai.

Kin ce ko a gaya wa Baba. Ina! Mutumin da ya ba soja ƙuruciyarsa da ƙafarsa, wanda ya raine mu da cewa soja ba ya ɗaga ƙafa sai an ba shi oda? Ga hawan jini. Ina tsoron ya faɗi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya ce in yi haƙuri. Ki sa masa maganinsa a aljihu in zai taho.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi. Ina tsare a gadurum, wata mai gadi ce ta tausaya ta ce za ta fitar min da wannan. Na san Baba ya iso gida bai ce miki komai ba, to bari ki ji.

Mun jeru a fili, rana ta take, Janar na zaune a rumfa kusa da Kwamanda. Aka kira ni na fito na ƙame. Baba ya taho ta hagu da sandarsa, lambobinsa na walƙiya, yana riƙe da igiyar kamar ƙwai. Sai ƙamshin nan ya bugo ni ta dama. Wallahi ban shirya komai ba, Yaya. Yana miƙo hannu ƙafata ta ja da baya da kanta, taku guda, ba tare da oda ba, a gaban bariki kaf.

Kowa ya zuba mana ido. Na ce shi ke nan, na kashe Baba da kunya. Ya dubi fuskata, ya dubi Mai Turare da hannunsa a sama, ya sake dubana ya daɗe. Sai ya cusa igiyar a aljihu, ya dogara sandarsa, shi ma ya ja taku guda baya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, ya ƙame.

Janar ya tambayi Kwamanda me ke faruwa. Ya ce rana ce ta buge ni. Janar ya taso da kansa ya tambaye ni. Na faɗa masa abin da aka yi min a sito, da wanda na kai wa ƙara, da abin da aka ba ni a madadin bincike. Ban taɓa ganin gumi ya jiƙa kaki da sauri irin na Kwamanda ba.

Kada ki yi murna tukuna. Laifin ɓata fareti na kaina. An ce za a kafa kwamiti, Mai Turare zai bayyana, Kwamanda ma zai amsa dalilin da ya sa ya danne ƙarata. Amma Janar ya koma, kuma kafin kwamitin ya zauna Kwamanda ne Kwamanda, mukullin ɗakin nan yana hannun yaransa. Duk takun da na ji a baranda sai na miƙe. Idan kika ji an ce an yi min canjin wurin aiki, kada ki yarda, ki ɗaga murya, ki je hedikwata ki yi ta faɗin sunana.

Ki kula da Baba. Da za a tafi da ni ya biyo mu yana ɗingishi har bakin ƙofa, bai ce in yi haƙuri ba. Ya ce igiyar tana wajensa, kuma ba mai ɗaura min ita sai ranar da hannun da zai riƙe dama ya zama mai tsabta. Ki ce masa ya ajiye min, ina nan ina jira.

Ƙanwarki mai kewarku,
Auta