Lamba Arba'in da Biyu

Ƙofar Jatau, Zariya,
26 ga Fabrairu, 1996.

Zuwa ga jikata Rakiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun yi Sallah lafiya, ke da Mustapha, wannan da ya ƙwace mini mata ya gudu da ita Kaduna.

Bayan haka, ga takardun salsalar gidanmu na ba Nasidi direba ya kawo miki, shafi ashirin da uku. Ki riƙe su da hankali, gara ta ci gefen wasu. Ni na buga su a 1952 da tafiretar ofishin En'e, mahaifina Malam Yari yana zaune a gefena yana faɗa ina bugawa. Dangi suna so kowane gida ya sami tasa ranar taron zumunci, bayan Babbar Sallah, kin kuma ce kwamfutar ofishinku za ta iya.

Ina da tambaya. Da kika zo kin ce in kin yi kuskure shafe shi kike yi, ba ya barin tabo. Tun ranar nake juya maganar. Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawun buga takardu, abin da na sani shi ne in harafi ya sauka, ya sauka. Ko ka kankare da reza takarda ta huje, ko ka zare ta ka sake daga farko. To, ina kalmar take zuwa in kin shafe ta? Kuma a kan me kike bugawa, tunda kin ce babu takarda a ciki?

Ki ba ni amsa dalla-dalla. Ba ni da aiki sai zaman zaure, abokan hirata duk sun riga ni. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne yake rawa.

Kakanki,
Jumare Yari.

Kaduna,
4 ga Maris, 1996.

Maigidana na Ƙofar Jatau,

Ina gaisuwa. Mustapha ya ce in gaya maka in kana da ƙarfi ka zo ka karɓi matarka. Yaya ƙafar? Kana shan maganin kuwa, ko ka tura shi ƙarƙashin katifa yadda ka saba?

Ga amsarka. Rubutun yana fitowa ne a jikin gilashi kamar na talabijin. Akwai wani ɗan tsinke da yake ƙiftawa, duk inda ya tsaya nan harafi zai faɗa. In na yi kuskure sai in danna wani maɓalli, ya koma baya ya cinye harafin. Inda kalmar take zuwa kuwa, wallahi Kaka ban sani ba, na tambayi ogana shi ma ya yi dariya kawai. Takarda sai a ƙarshe, in an gama gyara komai, sannan a tura wa firinta. Kuma babu ƙararrawa a ƙarshen layi irin ta tafireta, babu hannun da za ka tura, ita da kanta take sauka layi na gaba.

Ni ma ina da tawa tambayar. Na sa kwamfuta ta jera wa sunayen lamba da kanta. Ta ƙare a 212, takardarka ta ƙare a 213. Na bi ɗaya bayan ɗaya har na kama wurin a shafi na tara, cikin 'ya'yan Malam Yari. Kai ne 41, Gwaggo Binta 43. Babu 42. Ashe babban akawun En'e ma yana tsallake? In gyara lambobin su tafi daidai?

Taka,
Rakiya.

Ƙofar Jatau,
11 ga Maris, 1996.

Rakiya,

Bayan gaisuwa, na ji bayaninki, amma wannan tsinken ya tsaya mini a rai. In kin tashi kin tafi salla, haka yake ta ƙiftawa yana jiranki? In aka ɗauke wuta fa, ina rubutun yake kwana?

Batun lamba, ban taɓa tsallake lamba bisa kuskure ba a rayuwata. Kada ki taɓa komai tukuna.

Ki gaya mini wannan: a ce mutum yana son ya ƙara layi ɗaya a tsakiyar shafin da ya cika maƙil, shafi nawa za ki sake bugawa? Tambaya ce kawai irin ta tsohon ma'aikaci.

Kakanki,
Jumare.

Kaduna,
16 ga Maris, 1996.

Kaka,

Ina gaisuwa. E, tsinken yana jira, ba ya gajiya. In aka ɗauke wuta, abin da ban adana ba ya tafi, shi ya sa nake adanawa cikin faifai bayan kowane shafi.

Shafi nawa zan sake? Ko ɗaya. In kai tsinken wurin, in danna maɓalli guda, layi ya buɗe, duk abin da ke ƙasa ya matsa da kansa har shafin ƙarshe. Kafin ka gama kurɓar koko an gama.

Amma Kaka, ni ba yarinya ba ce. Na tambayi Mama, ta ce ba ta sani ba, ta kuma canja magana da sauri. Wane ne 42?

Rakiya.

Ƙofar Jatau,
29 ga Maris, 1996.

Jikata Rakiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi jinkiri don sau uku ina fara takardar nan ina yagewa.

Sunansa Dogara. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu na ba shi. A 1944 ya faɗo daga dutse a Kufena ya karye a cinya, aka kai shi asibitin 'yan Mishan na Wusasa. Ya yi wata biyar a kwance. Da ya warke sai ya zauna yana koyon aikin ba da magani, daga baya ya shiga addininsu. Mahaifinmu bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai ce kada a ƙara ambatar sunan a gidansa.

Ranar da muke buga salsalar, da ya faɗi sunana sai ya ce, "Sai Binta." Na tsaya. Ya ce, "Buga mana, me kake jira?" Ban iya yi masa musu ba, ban kuma iya ba Binta lambar Dogara ba. Sai na buga 43. Bai iya boko ba, bai gane ba har ya rasu.

Bayan rasuwarsa Innarmu Kande ta kira ni ɗakinta ta ce, "Jumare, ka mayar mini da ɗana cikin takardar nan." Na ce mata shafin ya cika, in na ƙara layi ɗaya sai na sake buga shafi goma sha biyar, ga takardar kabon ga ribon ɗin tawada, ga aikin ofis. Ta ce to, in ka sami sarari. Ta sake tambaya sau biyu. Kullum amsata ke nan, kuma gaskiya ce, duk akawu zai shaide ni. Ta rasu a 1961. Daga baya na bar aiki, tafireta ta koma hannun wasu, hannu ya fara rawa, na ce wa kaina ai yanzu ba hali.

Sai ga ki da maɓalli guda. Tun da na karanta takardarki nake tambayar kaina, shin shafi goma sha biyar ne suka hana ni, ko tsoron abin da za a ce a unguwa? Kwana nawa ne aikin shafi goma sha biyar ga mutumin da yake buga ashirin a wuni?

Dogara yana raye. Masu zuwa asibiti suna ba ni labari, sun ce ya tsufa, ido ya yi rauni. Daga ƙofar gidana zuwa tasa bai kai tafiyar rabin awa a mota ba.

In sunan ya fito ranar taro, akwai waɗanda za su tashi su bar tabarma, na san su. Ban yanke shawara ba. Ki faɗa mini ranar ƙarshe da za ki jira.

Kakanki,
Jumare.

Kaduna,
3 ga Afrilu, 1996.

Kaka,

Na karanta a ofis, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ba zan ce maka yi ko bari ba, takardarka ce. Na buɗe layin tsakaninka da Gwaggo Binta, na bar shi fari, na adana. Ogana ya ba ni firinta ranar Asabar 20 ga wata, bayan nan aikin wasu ne har Sallah. In ka ce a rufe, zan rufe, ba wanda zai san an taɓa buɗewa.

Abu ɗaya dai: kowa a takardar nan da 'ya'yansa a ƙarƙashinsa. In za a sa shi, shi kaɗai za a sa? Ka san sunayensu?

Ka sha maganinka.

Rakiya.

Ƙofar Jatau,
15 ga Afrilu, 1996.

Rakiya,

Bayan gaisuwa, ban san su ba, don haka jiya na sa Nasidi ya kai ni Wusasa na tambayo.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na yi sallama, ya karkato kai ya ce, "Wannan muryar Malam ce." Na ce ba Malam ba ne, Jumare ne. Ya ce, "To ai sai ka zauna, Yaya, ka tsaya a kaina kamar mai sammaci."

Ki rubuta: 42, Dogara. 'Ya'yansa Ladi, Istifanus, Mariyamu, Bala, da auta, Kande.

Masu tashi ranar taro su tashi. Ki fitar da ɗaya ta daban da manyan baƙaƙe, in na'urarku tana iyawa. Dogara ya ce yana so ya gani da idonsa.

Kakanki,
Jumare.