Duwatsu Arba'in a Kafaɗar Tihana

Zagreb, 24 ga Janairu

Zuwa ga yayata Dubravka,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Mirko da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Kin ce likita ya hana ki hawan bene, amma na san hali, ba a haifi likitan da zai hana ki abin da kika yi niyya ba tukuna. Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Sanyi ne dai ya sa mu gaba, ku kuwa na ji a Perth da zafi kuke kuka. Maigidana Zvonko yana nan yadda kika bar shi, tumbi ya ƙaru, gashi ya ragu, baki kuwa ko kaɗan bai gaji ba. Ranar Lahadi na je na share kabarin su Mama, na kunna kyandir biyu, ɗaya a madadinki.

Na san tuni an aiko miki da hoton Tihana, jikar marigayi Yaya Branko, a babbar gasar zamiyar ƙanƙara ta ƙasashen Turai da ake yi a nan garin. To, hoto bai gaya miki abin da ƙanwarki ta gani jiya ba, don haka gyara zama. Kin san shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗinka wa 'yan wasan ƙanƙara riguna, amma ban taɓa taka ƙafata zuwa babbar gasa ba. Nawa dai in ɗinke, in sa a jaka, in ce Allah Ya ba da sa'a. Wannan karon ja'irar yarinyar da kanta ta kawo mana tikiti biyu, ta ce in har tsohuwa ta ƙi zuwa, to ita ma za ta kai ɗinkinta wurin tela mai sauran jini a jika. Na ce ta kai mana, mu ga wadda za ta jure wa ƙugun nan nata da ba ya zama wuri ɗaya a lokacin awo.

Rigar tata shuɗiya ce, mako takwas na yi a kanta, na jera mata ƙananan duwatsun ado dubu biyu da ɗari shida da hannuna. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne dokar wasan: duk abin da ya faɗo daga jikin rigar ɗan wasa ya taɓa ƙanƙara, ko da dutse ɗaya ne, alƙalai za su yanke masa maki guda cur. Balle kuma kaifin takalminta ya hau kan dutsen, ai sai dai a kwashe ta. 'Yan mata talatin da shida suka shiga, ashirin da huɗu kaɗai za su wuce zuwa wasan ranar Asabar, Tihana kuwa a daidai bakin iyakar take. Ga wadda take wurin, maki ɗaya shi ne shekara goma sha biyun da ta yi tana tashi da asuba.

Ranar Litinin ta zo gwaji da safe, ta ce kafaɗar hagu tana riƙe ta in ta ɗaga hannu. Na warware layin ƙarshe, duwatsu arba'in, na saki kafaɗar. Da ma kowane dutse ƙullinsa daban nake yi masa, amma lokaci ya ƙure, sai na jera arba'in ɗin a zare ɗaya, irin siririn zaren roban nan mai santsi wanda ido ba ya gani, da nufin in ƙulle shi da kyau a ƙarshe. Ina kan na ƙarshe sai na jiyo ƙaurin tukunyar sarma, naɗin kabeji da nama da na bari a wuta. Na yar da allura na ruga madafa. Kafin in gama kankare tukunya Tihana ta dawo karɓa, aka yi rungume-rungume, aka yi ɗan hawaye, na naɗe riga na sa a jaka, ta tafi.

Jiya Laraba muka caɓa ado, ni da Zvonko, muka hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari. Muna tsaye sai idona ya faɗa kan maɓallin kwat ɗin wani mutum yana reto a zare ɗaya. Yaya, nan take na tuna kafaɗar rigar Tihana. Na ƙulle zaren nan ko ban ƙulle ba? Na tuna allura, na tuna ƙauri, na tuna tukunya, amma ƙulli ko sama ko ƙasa ban tuna shi ba. Zaren roba kuwa in ba a ƙulle shi ba, juyi biyu ya ishe shi ya zare, duwatsu arba'in su watse. Za ki ce me ya hana in gaya wa Zvonko. Ai tun bara da ya tsinci tabarauna a cikin firji yake yi mini waƙar in rufe shago, wai ido ya gaji, kai ma ya gaji. In miƙa masa wuƙa da nama da hannuna? Ya dube ni ya ce wannan tsuru-tsuru da nake yi, ko ni ce zan hau ƙanƙarar ba a gaya masa ba.

Muna isa na ce masa zan kewaya, na nufi ƙofar ɗakin shirin 'yan wasa. Wani ƙaton mai gadi ya tare ni, ya duba tikitina, ya ce wannan na 'yan kallo ne, Baba ta hau sama ta zauna. Na ce masa ɗan nan, rabin 'yan matan garin nan da suka taɓa hawa ƙanƙara ni na suturta su. Ya yi murmushi ya ce ko ƙanƙarar ce na ɗinka, in babu kati a wuya babu shiga. Na kira mai horar da Tihana, waya a kashe. Ina juyowa sai ga Sanja, uwar yarinyar, a lungun da ta saba tsayawa, ta ba wa filin baya tana jan carbi, don har yau ba ta taɓa iya kallon 'yarta tana wasa ba. Ta riƙe hannuna, hannunta sanyi ƙalau, ta ce ita abin da ke kwantar mata da hankali shi ne ko ba komai riga dai ta Gwaggo Nevenka ce, ba ta da fargaba ta nan. Ki gaya mini, da wane baki zan faɗa mata? Na ce Allah Ya ba da sa'a, na hau sama.

Gani ya kori ji, Yaya. Duk da zaren nan yana raina, sai da wurin nan ya burge ni. Mutane maƙil har rufi, tutoci ko'ina, ƙanƙara fara fat tana ɗaukar ido. Kusa da mu wata mata ce 'yar Japan, ta zo da jaka cike da tutocin ƙasashe, duk wadda ta fito sai ta zaro tutar ƙasarta ta ɗaga mata. Kafin minti goma ita da Zvonko sun zama aminai, ba mai jin yaren wani, ya ba ta rabin burodinsa da tsiran alade, ta ba shi alewa. Mutumin da ko a kan daɓen banɗaki zamewa yake yi, sai ga shi ya zama alƙali, yana nuna mata maki da yatsu, yana cewa waccan ta sauka a karkace, shi da ya ba ta uku. Ni kuwa riguna nake duba. Akwai wata da aka yanka wa hannu ba daidai ba, har na ji tausayin telarta.

Da aka kira sunan Tihana wurin ya ɗauki ihu kamar zai tsage, 'yar gida ce. Na miƙa hannu na karɓi madubin hangen nesan matar nan, ko izini ban nema ba, na kafa shi a kafaɗar hagu. Kiɗa ya tashi. An ce ta yi tsalle ta juya sau uku a sama ta sauka cas, ni kafaɗa na gani. An ce mutane sun ɗauki tafi yana tafiya da kiɗan, ni addu'a nake yi, ina ƙirga duwatsu suna guje mini. Da ta shiga juyin ƙarshe tana wulwulawa kamar katantanwa, na ce shi ke nan, yanzu za su watse. Ta tsaya cak, hannun hagu a sama, layin nan yana nan yana ƙyalli. Aka shiga jefa furanni, Zvonko yana ihu yana kuka yana rungumar 'yar Japan. Da aka gama wasa duka, Tihana ta zo ta ashirin da uku. Tsakaninta da wadda ta zo ta ashirin da biyar bai kai maki ɗaya ba.

Da ta fito, kowa yana rububin rungumar ta, ni jakar rigar na fizge. A nan tsakiyar jama'a na zaro rigar na juya kafaɗar. Zaren a ƙulle yake tam. Amma ba ƙullina ba ne. Wani ƙaton ƙulli ne mummuna, an naɗa shi sau shida an ja, irin wanda ake yi wa ƙugiyar kamun kifi. Na ɗaga kai, sai ga Zvonko yana nazarin rufin ɗaki kamar shi ya gina. Da na tsare shi da ido ya ce wai ya shigo neman almakashi ne ranar Litinin ina can madafa, ya ga zare yana lilo da allura a jiki, kuma zaren bai da maraba da na sandar kifinsa, sai ya ɗan taimaka. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce shekara arba'in da ɗaya ina gaya masa duk ranar da ya taɓa teburin ɗinkina zan guntule masa yatsu, shi kuwa yana son yatsunsa. Ya ce ni kuma me ya hana ni faɗa? Dariya ta kama ni, kuka ya biyo baya, har Tihana tana tambaya ko kakannin nata sun sha wani abu ne.

Ashe awa huɗu na yi ina cin wuta, maganin yana zaune kusa da ni yana tsotsar alewa. Na gaya masa ƙullin nan abin kunya ne, ko ɗan koyo ba zai yi shi ba. Ya ce to in kwance. Daren jiya na ɗauko almakashi, na zauna na dube shi, na mayar da almakashin. Ban kwance ba, Yaya, kuma ba zan kwance ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyarmu ta yi wasan rayuwarta a gabana, ban ga fuskarta ba ko sau ɗaya. Rigar Asabar na ba Zvonko tabarau na ce ya zauna mu duba ta tare, layi-layi, don ranar nan Tihana nake so in kalla.

Ki gaishe mini da Mirko, da Ivanka da mijinta, da Davor, ki ce masa har yanzu ina jiran hoton jaririn. Sanja da Tihana suna gaishe ki, Zvonko ma ya ce in miƙa tasa. In kin rubuto, kada ki kuskura ki yabe shi, kansa ya riga ya fi ƙarfin hularsa. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Nevenka