Akuyar da ya ba ni riƙo ta yi haihuwar ƙarshe

Salamu alaikum ƴan uwa mata da mazan wannan gurup. Admin ki ɓoye sunana don Allah, garinmu ƙarami ne, ko tari na yi sai an gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na kasa zama wuri ɗaya, jiya har gishiri na zuba wa kunu.

Ni bazawara ce a Tanout, aurena ya mutu da daɗewa, ina zaune da kakata da gwaggona, sana'ata cuku nake yi ina sayarwa a bakin tasha. Zawarci kuwa babu irin wanda ban gani ba. Akwai mai zuwa da yamma ya ci tuwo ya sha shayi ya tafi, akwai direban da ya rantse zai turo magabatansa in ya dawo daga Agadas, har yau motarsa ba ta dawo ba, akwai wanda ya fara da tambayar nawa nake samu a cuku. Na gaji, na ce kowa ya kama gabansa.

Ana haka sai ga wani Bafulatani daga wajen Tenhya, bari in kira shi Maude. Duk ranar kasuwa in ya gama da dabbobinsa sai ya zo ya tsuguna kusa da tirena ya sayi cuku. Ku ji fa, mutumin da ke da shanu, nono har zubarwa suke yi a rugarsu, shi ne ke sayen cuku a hannuna. Ba ya magana mai yawa, daga gaisuwa sai ya yi ta zane ƙasa da sandarsa, amma ranar da bai zo ba sai in ji kasuwar ba ta ci ba. Wata rana ya biyo ni har ƙofar gida janye da wata farar akuya mai baƙin kunne, ya miƙa mani igiyar ya ce, "Ki riƙe ta, Allah ya sa da albarka." Ya juya ya tafi.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce toshi ne, kafin magariba unguwa duk ta ji. Ni ma haka na ɗauka, na sallami sauran masu zuwa, na fara tara kwanoni. Sai da akuyar ta yi haihuwar fari, matar da ke kawo mani nono ta gan ta, ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ai habbanaye ce. A wurinsu in mutum ya yarda da kai sai ya ba ka macen dabba ka riƙe, ta haihu sau uku, ƴaƴan naka ne, sannan ya zo ya karɓi uwar. Zumunci ne babba, amma ba neman aure ba ne. Na san da al'adar, sai dai tsakanin maza makiyaya na san ta, ban taɓa zaton za ta faɗo kan mai cuku ba. Ranar kunya ta hana ni fita tasha.

Na so in mayar masa a lokacin, na kasa. Shi kuma bai fasa zuwa ba, bai ƙara komai ba. Tambayarsa kullum ɗaya ce, yaya akuya, tana ci? Shekarar da abinci ya yi wuya shi ya riƙa aiko mata da dusa, da damana ya ɓace can arewa inda babu rezon waya, ya dawo ya kawo wa kakata man shanu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni na tambayi fuskar nan har na gaji, rabinta cikin rawani take.

Yanzu ga inda abin ya cakuɗe. Akwai wani mushe, wato malamin makaranta, da ke koyarwa a lakwal ɗin unguwarmu, matarsa ta rasu, mutum ne kamili, shi bai yi wani zagaye ba, ya je wurin gwaggo kai tsaye. An yi masa afektasiyo, wato canjin wurin aiki, zuwa Zinder, yana so a ɗaura aure kafin ya tashi, kuma ya ce ƙarshen wata yake son amsa. Ba ni da abin kushe shi, amma ko sallamarsa na ji gabana ba ya faɗuwa. Mun yi faɗa da gwaggo sosai a kan haka, ta ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ta ce na zama makiyayiyar wani a banza, mutane na yi da ni. Na ce mata ita ce ai ta yi guɗar da ta tara mani mutanen, muka kwana biyu ba ma gaisawa.

Kakata ce ta ƙara ruɗa ni. Ta kira ni ta ce uwarta tana da yaya, Inna Gambo, tun zamanin Nasara, wajen shekara ɗari kenan, ita ma tana zawarci wani makiyayi ya ba ta akuya. Ta kori kowa tana jira. Da akuyar ta cika haihuwarta ya zo ya yi godiya ya kwance abarsa ya tafi, ita ba ta tambaya ba, shi bai ce ba. Ba ta ƙara aure ba har ta rasu. Kaka ta nuna garken da ke bayan ɗakinta ta ce duk waɗannan tsatson akuyar nan ne. Na ce to Kaka me kike so in yi? Ta ce ita labari kawai ta ba ni. Tun ranar ba na son shiga wajen awakin nan.

Shekaranjiya akuyar da nake riƙo ta yi haihuwa ta ukun, tagwaye. Labari ya kai wa Maude, ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa zai biyo ta gida ya gaida Kaka. Ban sani ba ko igiya zai zo karɓa ko magana ya zo da ita. Ina son shi, na faɗa a nan tunda ba ku san ni ba.

To ƴan uwa, in cire kunya in tambaye shi da bakina, ko da zai ɗauke ni marar ta ido ya daina zuwa? Ko in ba mushe amsa tun yanzu in huta? Musamman ƴan uwanmu Fulani da ke cikin gurup ɗin nan, ku gaya mani gaskiya ko da ba daɗi, namiji yana ba macen da ba ya so habbanaye? Ku taimaka ku amsa kafin ranar kasuwa, don in na yi shiru na san abin da zan yi, zan kwance masa akuyar da hannuna in ce ya gaida gida.