Faifai na Uku

Laraba da dare, Ma'adi, Alƙahira

Na same shi! Wallahi na same shi!

Shekara biyu ke nan ina neman na uku cikin faya-fayan garmaho huɗu da marigayi Baba ya bari, na wani simfoni, dogon kiɗan nan na Turawa, da wani jagoran makaɗa Bajamushe ya ɗauka tun ba a haifi Baba ba. A hannuna ya fashe ranar da na tare a Alƙahira, kuma Yaya Habu bai daina yi min gori ba.

Yau bayan La'asar na gan shi a wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Darrasa, shi kaɗai. Dattijo mai shagon ya ce, "Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, ba na sayarwa. Masu saye bango suke liƙa wa don ado."

Na ce ni saurara zan yi. Ya ƙare min kallo, ya ce to in rera masa farkonsa. Kunya kamar in nutse, ga mutane na wucewa, amma na runtse ido na rera, har wurin da masu goge ke yin ƙasa-ƙasa. Ya ɗora allura, sai ga shi daidai! Ya yi dariya ya ce, "Khalas, ɗauki abinki."

Da na dawo na goge shi da hannun riga, yadda Baba ke yi, na ɗora. Na kira Yaya Habu, na kara wayar jikin garmaho.

Ya yi ta saurare. Can ya ce, "Hajara, matso da ita kusa."