Awakina da bidon maganin feshi

Korogo, Kodebuwa, watan Maris 1994

Zuwa ga ƙanena Maman Lawali, Jiratawa.

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan rabona da gida, tun ranar da ka raka ni tashar Maraɗi. Ina fata takardar nan ta iske ku lafiya, kai da Inna da yara. Allah ya ba Inna sauƙin ƙafarta. Ni lafiya lau, sai gajiya irin wadda barci ba ya kashewa. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kuwa, aiki ya ƙaru, abin hannu ya ragu.

Ilyasu direba ya kawo mani saƙonka. Ya ce awakina sun sake yin ɓari, waɗanda suka haihu kuma 'ya'yan sun zo mata-maza. Ya ce Kaka Mati na Tsibiri ya duba, wai iskar gulbi ce ta shiga garke, sai an yanka jan bunsurun nan. Maman Lawali, kada ka yanka. Shi kaɗai ya rage mai barbara. Ina ganin girman Kaka Mati, shi ya ɗora mani hannu da na karye, amma wanga ba aikinsa ba ne.

Na tambayi Ilyasu cikin me suke shan ruwa. Ya ce bidon maganin feshi ne, jarkar nan ta koperatib ɗin manoma, ka tsaga biyu ka yi kwami, kuma da sauran maganin kake shafe su saboda kaska. Nan na gane. A gonar audugar da nake aiki, tumakin maigida sun yi haka, don suna sha a ramin da muke wanke abin feshi. Likitan dabbobi ya ce irin wannan magani ba ya kashewa nan take. Yana shiga jinin uwa mai ciki, ya rikita abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace tun yana cikin mahaifa. Namiji ya tashi ba ƙwaya, mace ta tashi ba ta riƙe ciki. Aka shinge ramin, da shekara ta zagayo 'yan tumaki suka zo daidai. Da hannuna na karɓi haihuwarsu.

Ban ga laifinka ba. Bido mai ƙarfi ne, kowa na sha'awarsa, ga rubutun jikinsa da faransanci. Malaman gona da ya kamata su faɗa maku sun yi wata da watanni ba albashi, manya kuwa suna can Yamai suna rabon kujeru. Amma yanzu ka ji. Ka huda bidon ka binne nesa da rijiya, don wanki ba ya fidda maganin. Ka sassaƙa kwamin icce. Kada a yanko ma awakin ciyawar bakin kanal ɗin ban-ruwa bayan feshi. Waɗanda suka zo da nakasa ba su gyaruwa, ka bar wahalar da kanka. Matarka Atika kuma, da na ji tana da juna biyu, kada ta sake ɗebo ruwan sha da irin bidon nan.

Ka gaida Inna, da Atika, da Gwaggo Safiyatu ta Sabon Gari, da Kaka Mati. Ka ce mashi goronsa na nan tafe.

Ba ni da ajiya a nan, duk abin da na samu awaki na sa ka saya. Goma sha ɗaya ne, an ce huɗu suka rage masu haihuwa, sai bunsuru ɗaya. Su ne shekara shidana. Ka riƙe mani su.

Wanka,
Idirisa