Sunan da Ke Kan Takarda

Alhamis, 3 ga Oktoba, 1889

Awakasi ya dawo da hantsi, da dawakai shida na ƙabilar Hankaka. Ɗana guda a duniya, shekara goma sha tara, ya tsallake iyaka ya sato dawakai, yana ta washe baki wai in yi masa guɗa. Na yi, mana. Da ubansa ya yi irin wannan, ai kwana uku aka yi ana rawa. Amma wancan zamani ya wuce.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Sikapisi ya aiko a kira mu. Shugabanmu, yayan mijina marigayi. Shi ya sha lofen sulhu da Turawa, ya zaunar da mu a wannan kwari muna bin layin garin fulawa, har yunwa ta kashe mini miji. Shekara shida ban gaishe shi da son raina ba.

Ya ce a mayar da dawakan. Awakasi ya ce, "Baba, kai da nawa ka sato a zamaninka?"

"Arba'in. Lokacin akwai ɓauna, babu kurkuku."

Na ce, "Yaya, tsoro dai ya kama ka." Bai ko dube ni ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

An mayar da dawakan, amma a banza. 'Yan sanda za su zo jibi da takardar kamu. Wanda suka tafi da shi bara, tari ya ci shi a can, ko gawarsa ba mu gani ba. Awakasi kuwa tun yana goye ƙirjinsa ba shi da ƙarfi.

Na roƙi tsohon nan ya bar shi ya gudu duwatsu. Wai ya ba da maganarsa a kan lofe, duk sunan da aka rubuta zai miƙa. Na zage shi a gaban matarsa Pokaki. Ban yi nadama ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kasa cin komai.

Laraba, 9 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Da rana ta fito Sikapisi ya tara kowa a tsakiyar zango. Ya tsayar da Awakasi yana fuskantar gabas, ya ɗaga murya ya ce daga yau wannan shi ne Sikapisi, ya tura shi a baya kamar yadda ake yi wa mai sabon suna. Sunan da tsohon ya yi shekara talatin yana fita yaƙi da shi! Sannan ya ce, "To, ga sunan Awakasi ya rasa mai shi. Ni tsoho ba zan zauna babu suna ba. Na ɗauka."

'Yan sanda uku suka iso. Babbansu, wani Bature, ya karanta takarda, tafinta ya ce ana neman Awakasi. Tsohon ya miƙe da bargonsa.

Baturen ya san shi sarai. Ya ce, "Kai ne Awakasi? Da wannan furfurar? Faɗi sunanka in ji."

Haba! Wane namiji ne zai faɗi sunansa da bakinsa? A al'adarmu sai dai wani ya faɗa. Pokaki ce ta fara: "Awakasi ne. Mijina ne, ni zan gaya maka." Sai zango duka ya ɗauka. Wata tsohuwa har da cewa, "Ku tafi da shi, ɓarawon dawaki ne tun ba a haife ku ba!" Aka yi dariya, wasu na kuka.

Baturen ya daɗe yana duban takardarsa, ya dubi ɗana, ya naɗe ta. Ɗana ya zabura, maza huɗu suka danne shi. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi sunan tare da kowa, da ƙarfi ma. Kunya nake ji, kuma daɗi nake ji, duka biyun.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Wata uku alƙali ya ba tsohon. Yaron ya daina dariya. Jiya wasu biyu suka kawo masa rigimar itace, don dai sunan, ya zauna ya raba su. Ni har yau na kasa kiran sa da shi. "Kai" nake cewa.

Asabar, 11 ga Janairu, 1890

Tsohon ya dawo cikin dusar ƙanƙara, an aske masa kitso, yana tari. Ɗana ya durƙusa ya ce ya karɓi sunansa. Tsohon ya ce, "Ka taɓa ganin an karɓe kyauta? Wannan ma ya fi mini, ba nauyi."

Na kai masa romo da yamma. Naman ne ya yi mana yawa, ba wani abu ba. Ya kurɓa ya ce, "Ƙanwata, gishiri ya yi kaɗan. Ko wannan ma zagi ne?"

Pokaki ta ce tarin da jini yake fitowa. Na ɗauko shimfiɗata, a can zan zauna kwana biyu. Ita ta tsufa, ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba.